Tarihin Fadar Wallenstein ta Birnin Prag: Gidan da Mai Shi Bai Shekara a Ciki Ba

A wannan karon zan ɗan ɗauke mu daga Agege da Sabon Ibadan, mu leƙa can tsakiyar Turai, zuwa wani tsohon birni da ake kira Prag, hedkwatar ƙasar Cek. Akwai wata fada a can da wani basarake kuma jarumin yaƙi mai suna Albrecht von Wallenstein ya gina tsakanin 1623 da 1630. Don mai karatu ya gane nisan zamanin, a shekarar da aka kafa harsashin ginin ne Sarkin Kano Kutumbi ya hau karaga, kamar yadda aka lissafa a tarihin sarakunan Kano. Ƙayatuwar gidan ba ita ta ja hankalina ba, don gidaje masu kyau ba su da iyaka a duniya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda kuɗin ginin ya fito, da kuma yadda wasu 'yan kasuwa biyu, dukkansu baƙi a garin, suka ɗauki nauyin mai gidan a kafaɗarsu har ya danne su.

Mene ne ginin barok?

Kafin mu shiga labari, bari in ɗan yi bayanin irin ginin. Barok wani salon gini ne da ya taso daga birnin Rum na ƙasar Italiya wajajen shekarar 1600, sannan ya bazu a Turai. Alamarsa ita ce yawan ado: ginshiƙai dogaye, zane a jikin silin, furanni da ganyaye na farar ƙasa a saman ƙofofi da tagogi, da zaurukan da in ka shiga sai ka ji ka ƙanƙance. Da gangan ake yin haka, don baƙo ya san gidan wa ya shigo tun kafin ya ga mai gidan. Wanda ke zaune a Legas ba sai ya je Turai zai ga ɓurɓushin wannan salo ba. Bayin da suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19 sun zo da irinsa, shi ya sa in ka zaga cikin Eko za ka ga tsofaffin benaye masu irin wannan ado, kuma Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 yana ɗauke da shi a fuskarsa. To fadar Wallenstein ita ake lissafawa a matsayin babbar fada ta farko da wani basarake ya gina da wannan salo a Prag.

Unguwar da fadar take ana kiranta Mala Strana, wato ƙaramin ɓangare. Tana tsakanin Kogin Vltava da tudun da gidan sarautar Prag yake a kai. Tsohuwar unguwa ce mai ƙananan lunguna. A 1541 wata babbar gobara ta cinye mafi yawanta, daga nan masu sarauta suka riƙa sayen kangaye suna gina manyan gidaje don su kusanci sarki.

Maraya mai dogon buri

An haifi Wallenstein a 1583 a ƙasar Bohemiya, wadda a yau take cikin ƙasar Cek. Gidansu gidan sarauta ne, amma irin sarautar nan da ba ta da ko sisi, sai suna. Kafin ya cika shekara 12 ya rasa uwa da uba, kawunsa ya riƙe shi. An sa shi a jami'ar Altdorf a 1599, amma bai daɗe ba saboda yawan faɗa da tayar da hankali. Iyayensa 'yan ɗariƙar Furotesta ne, shi kuwa wajajen 1606 sai ya koma Katolika, ɗariƙar gidan Habsburg masu mulkin ƙasar, wanda hakan ya buɗe masa ƙofar fada. A 1609 ya auri wata bazawara mai dukiya, Lucretia, mai manyan filaye a yankin Morabiya. Ta rasu a 1614 ta bar masa komai. Da wannan gado ya fara ɗaukar sojoji da kuɗin aljihunsa yana kai wa Ferdinand, wanda daga baya ya zama Babban Sarkin Daular, Ferdinand na Biyu.

A ranar 23 ga Mayu 1618 manyan Bohemiya 'yan Furotesta suka yi tawaye. Suka shiga gidan sarautar Prag suka jefo wakilan sarki biyu da magatakardansu ta taga. Ikon Allah babu wanda ya mutu a cikinsu, amma daga nan yaƙin da aka shekara 30 ana yi ya ɓarke, bai ƙare ba sai 1648. Wallenstein ya zaɓi ɓangaren sarki. A 1619 ma sai da ya kwashe baitulmalin Morabiya daga garin Olomouc ya kai Biyana, 'yan tawaye kuma suka ƙwace filayensa. Caca ce ya yi, kuma ta fito masa. A ranar 8 ga Nuwamba 1620 aka murƙushe 'yan tawaye a yaƙin Farin Dutse, a bayan garin Prag. A watan Yunin 1621 aka kashe shugabanninsu 27 a dandalin tsohon gari a gaban jama'a. Daga nan sai aka shiga ƙwace gonaki da gidajen duk wanda aka ce yana da hannu a tawayen, ana sayar wa masu biyayya. Bayan 'yan shekaru kuma aka ce duk wanda ba zai koma Katolika ba ya bar ƙasar, dubban iyalai suka yi hijira.

Algus a cikin kuɗi

Nan ne wurin da nake so 'yan kasuwa su buɗe kunne. Yaƙi ya cinye baitulmalin sarki, ga sojoji suna jiran albashi. Sai a watan Janairun 1622 wasu mutane suka haɗa kamfani suka karɓi hayar gidajen buga kuɗi na Bohemiya da Morabiya da wani ɓangare na Ostiriya, na tsawon shekara ɗaya, a kan za su biya sarki gulden miliyan 6. Gulden shi ne sunan kuɗinsu. A cikin kamfanin akwai gwamnan Bohemiya Karl von Liechtenstein, akwai Wallenstein, sannan akwai mutum biyu waɗanda su ne suka san harkar ciki da waje: Hans de Witte da Jacob Bassevi.

De Witte mutumin Antwerp ne, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam. Fatauci ya kawo shi Prag tun yana saurayi, ya zauna, ya zama mai ba da lamuni ga fada. Ɗan Furotesta ne, amma lokacin da ake korar 'yan ɗariƙarsa shi ba a taɓa shi ba, don ana bukatarsa. Bassevi kuwa Bayahude ne, babba a unguwar Yahudawan Prag. A 1622 sarki ya ba shi muƙamin sarauta, abin da ba a taɓa yi wa wani Bayahude ba a ƙasashen gidan Habsburg. Wato dai dukkansu biyun mutane ne da zamansu a garin ya rataya a kan yardar manya.

Ga yadda suka yi. A wancan zamani darajar kuɗi tana cikin azurfar da ke jikinsa ne. Kamfanin shi kaɗai aka ba ikon sayen azurfa, Bassevi yana tattarowa a cikin ƙasa, De Witte yana kawowa daga waje. Sai a narka tsofaffin kuɗi masu kyau, a zuba jan ƙarfe a ciki, a buga sababbi masu yawa. Awon azurfar da kafin yaƙi ake fitar da gulden 19 daga cikinsa, yarjejeniyarsu ta ba su damar fitar da 79, kuma ba su tsaya nan ba. Duk wanda ya taɓa ganin mai zuba ruwa a madara ko tsakuwa a buhun wake ya san sunan wannan abu: algus. Bambancin kawai shi ne wannan da hatimin sarki aka yi shi. Ko a cikin kamfanin ma ba a yi rabon adalci ba, don masu sarauta an riƙa biyansu farashi mai tsoka a kan azurfar da suka kawo fiye da 'yan kasuwar da suka yi wahalar.

Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. Kaya suka yi tashin gwauron zabo, manoma suka ƙi kawo hatsi kasuwa, masu sana'a suka ƙi karɓar sabon kuɗin, aka koma ba ni gishiri in ba ka manda. A ƙarshen 1623 gwamnati ta fito ta karya darajar kuɗin da fiye da kashi 80 cikin 100. Wanda ya kwana da ɗari a ƙarƙashin matashi ya tashi da abin da bai kai ashirin ba. Amma Wallenstein bai ajiye nasa a ƙarƙashin matashi ba. Tun kuɗin yana tafiya ya yi sauri ya juya shi zuwa ƙasa. Ya sayi gandaye wajen 60 daga cikin waɗanda aka ƙwace, wasu da wannan kuɗi mai algus, wasu kuma aka cire daga bashin da yake bin sarki. Ya haɗe su wuri guda a arewa maso gabashin Bohemiya, aka kira yankin Friedland, hedkwatarsa garin Jicin. A 1623 ya sake aure, ya auri Isabella 'yar Harrach, ɗaya daga cikin manyan mashawartan sarki. A 1625 aka naɗa shi Duk na Friedland, wato kamar a ce sarkin yanka mai cin gashin kansa.

Ginin fadar

Mutumin da ya kai haka dole ya nemi gida daidai da shi. Tun 1621 ya sayi wani tsohon gidan sarauta na zuriyar Trcka a Mala Strana. Da bai ishe shi ba sai ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har ya haɗa gidaje sama da 20 da lambuna da wata matoyar bulo, ya rushe su. Ni dai tambayar da nake yi wa kaina ita ce, wane irin ciniki aka yi? Mai saye shi ne kwamandan sojan garin a lokacin, kuɗin da ke yawo ga irinsa, mutane da yawa kuma suna cikin fargabar kada a sa sunansu cikin 'yan tawaye. A irin wannan hali wa zai ce albarka? Littattafan tarihi sun riƙe sunayen maginan da masu zanen, amma mai ziyara a yau ba zai ga wata alama ta mutanen da suka taɓa kwana a wannan fili ba.

Magina daga Italiya ya ɗauko. Andrea Spezza ne ya fara jagorancin aikin har ya rasu a 1628, sai Niccolo Sebregondi ya ci gaba, Giovanni Pieroni kuma yana ba da shawara a kan tsari. Babban zauren taro tsayinsa hawa biyu ne. A jikin silin ɗinsa wani mai zane daga Florence, Baccio del Bianco, ya zana Mars, gunkin yaƙi na Rumawan da, yana tsaye a kan keken doki cikin gajimare, kuma an daɗe ana cewa mai gidan ne aka siffanta. Ka ga ke nan duk wanda ya zo gaisuwa, da ya ɗaga kai abin da zai gani ke nan. Akwai ɗakin ibada a ciki, akwai kuma wani dogon soro da aka cika da zanen taurari, don Wallenstein mutum ne mai yawan son duba. Mashahurin masanin taurarin nan Johannes Kepler ya yi masa lissafin tauraronsa a 1608, ya sake yi masa bayan shekara goma sha wani abu, daga baya ma ya yi aiki a ƙarƙashinsa.

Ta bayan gidan akwai lambu mai faɗi. A bakinsa aka gina wata ƙatuwar rumfa mai bakan gizo uku, inda mai gida zai zauna ya ci abinci yana kallon furanni. Akwai tafki, akwai keji na tsuntsaye, akwai wani dogon bango da aka yi masa kwalliya kamar cikin kogon dutse. A tsakiyar lambun aka jera mutum-mutumin tagulla da Adriaen de Vries ya ƙera, mutumin Holan, wanda ya rasu a Prag a 1626 yana kan wannan aiki. Hatta dawaki ba a bar su a baya ba. An yi musu filin sukuwa mai rufi, da barga ta dawaki 37 mai komayen dutsen marmara. Barorin gidan kuwa ɗaruruwa ne. Ana ba da labarin cewa mai gidan ba ya son hayaniya ko kaɗan saboda ciwon gaɓoɓi da ke damunsa, har akan hana motsi a titunan kusa in yana gari. Duk wannan a gindin tudun gidan sarki aka yi shi, yadda duk wanda ya leƙo daga sama zai gani. Sarki yana Biyana, amma masu kai masa rahoto suna nan.

Rundunar da aka gina a kan bashi

Ana cikin ginin, a 1625, sai Wallenstein ya yi wa sarki wani tayi da ba a saba ji ba: zai tara masa runduna guda da lamuninsa, sarki ya biya daga baya. Sarki ba shi da kuɗi, sai ya amince. Cikin 'yan shekaru rundunar ta haura mutum 100,000, mafi yawansu sojan haya. Tsarinsa shi ne duk yankin da sojoji suka sauka, mutanen wurin ne za su biya harajin ciyar da su, ko abokan gaba ne ko masoya. Amma haraji ba ya shigowa ranar da ake bukatarsa, soja kuwa ba ya jiran gobe. Wa zai cike giɓin? De Witte. Shi ne ke karɓo bashi da sunansa daga 'yan kasuwar garuruwan Turai daban-daban, ya sayi makamai da hatsi da tufafi, ya biya albashi, sannan ya jira haraji ya shigo ya biya masu binsa da ruwa a kai.

Mahaifina ɗan goro ne, kuma tun ina yaro na san yadda wannan harka take tafiya. Mai kaya a arewa bai san mai saye a kudu ba, maigidan da ke tsakiya ya sani, shi ne ya ce a bayar, na tsaya masa. In mai saye ya biya, kowa ya ji daɗi. In ya gudu, ba a neman kowa sai wanda ya tsaya. Abin da De Witte ya yi ke nan, sai dai nasa mai sayen yana da sojoji dubu ɗari, ba kuma a iya aika masa yaro ya ce an ce ka ba da cikon kuɗi.

Da farko abin ya yi kyau. A 1626 Wallenstein ya ci nasara a gadar Dessau, ya kori sojan Denmak har bakin teku, sarki ya biya shi wani ɓangare na bashinsa da ƙasar Mecklenburg baki ɗaya bayan an tsige masu ita. Amma a 1628 ya kasa cin garin Stralsund, yankunan da ake tatsa kuma suka tsotse, ba abin da ya rage a jikinsu. Haraji ya ja baya, ruwan bashi yana hawa. Sauran sarakunan Jamus, har da 'yan Katolika, suka tsorata da wannan mutum da jiya-jiya ba kowa ba ne. A taron da suka yi a Regensburg a 1630 suka matsa wa sarki lamba sai da ya sauke shi. Saukarsa ke nan, babu sauran mai tilasta wa kowa biyan haraji, masu bin De Witte kuwa suna bakin ƙofa. A ranar 11 ga Satumba 1630 ya faɗa rijiyar gidansa a Prag ya mutu. A wannan shekarar ce aka kammala fadar.

Ƙarshen mai gida

Ba a daɗe ba aka sake neman Wallenstein. Sarkin Suwidin Gustavus Adolphus ya shigo Jamus a 1630, ya ragargaza sojan sarki a Breitenfeld a 1631, abokan ƙawancensa na Saksoni suka mamaye Prag kanta. Dole sarki ya dawo da wanda ya kora, da iko fiye da na da. A 1632 ya ƙwato Prag, a watan Nuwamba kuma suka gwabza da Suwidawa a Lutzen, inda aka kashe Gustavus, amma shi ma Wallenstein ya janye daga filin. Ya dawo fadarsa ya yi sanyin wannan shekara a ciki, ya sa aka yanke wa wasu hafsoshinsa hukuncin kisa a kan sun gudu daga fagen fama. Wannan ya sa zukatan sauran suka fara juyawa. A bazarar 1633 ya fita daga gidan, bai sake komawa ba. In aka tattara duk kwanakin da ya yi a cikinsa, ba su wuce shekara guda ba.

A wannan shekara ya riƙa tattaunawa a asirce da Saksoni da Suwidin da Faransa. Har yau masana tarihi suna jayayya a kan ko sulhu yake nema ko kuwa gadon sarautar Bohemiya. A Biyana dai an riga an yanke hukunci. A watan Janairun 1634 ya sa hafsoshinsa suka yi masa rantsuwar biyayya a garin Pilsen, sarki kuma ya ɗauki wannan a matsayin cin amana, ya ba da umarni a asirce a kamo shi a raye ko a mace. Manyan janar-janar ɗinsa suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ya gudu zuwa garin Cheb a bakin iyaka, yana fama da ciwo, a kan makara ake ɗaukarsa. A daren 25 ga Fabrairu 1634 aka gayyaci amintattunsa huɗu liyafa aka kashe su a wurin cin abinci. Daga nan wani kyaftin ɗan Ailan, Walter Devereux, ya fasa ƙofar ɗakin kwanansa ya soke shi da mashi. Shekararsa 50. Waɗanda suka kitsa abin, Butler da Gordon da Leslie, duk sojan haya ne da suka ci abinci a hannunsa. Aka raba ƙasarsa ga waɗanda suka juya masa baya, Janar Gallas ya samu Friedland. Ɗansa namiji tilo tun yana jariri ya rasu, 'ya mace kaɗai ya bari.

Bassevi fa? Tun 1631 aka fara bincikensa a kan maganar kuɗin algus, ya gudu Jicin ya fake a inuwar Wallenstein. Da bangon ya faɗi, bai ƙara wata uku a duniya ba, ya rasu a watan Mayun 1634, dukiyarsa kuma aka ƙwace. A cikin talakawa ma sunansa ne aka fi zagi a kan tsadar da aka sha, don shi ne ake gani yana sayen azurfa, kuma shi ne bare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zuriyar Liechtenstein kuwa, duk da an bi su da shari'a daga baya, har yau suna nan da ƙasa guda mai ɗauke da sunansu a tsakanin Ostiriya da Suwizalan.

Gidan bayan mai shi

Fadar ba ta fita daga dangi ba, wani ɗan uwansa Maximilian ya karɓe ta bayan 'yan shekaru. Amma a watan Yulin 1648, ana dab da sa hannu a kan sulhu, sojan Suwidin ƙarƙashin Janar Konigsmarck suka shigo Mala Strana da dare suka yi wasoso. Suka kwashe dukiyar gidan sarki, suka kuma tumɓuke mutum-mutumin tagullan De Vries daga lambun Wallenstein suka tafi da su. Har yanzu suna Drottningholm, gidan sarautar Suwidin kusa da Stockholm. Waɗanda ake gani a lambun a yau kwafi ne da aka yi a farkon ƙarni na 20. Wato abin da yaƙi ya kawo, yaƙi ne ya zo ya ɗauke.

Zuriyar Waldstein, kamar yadda ake rubuta sunan dangin, sun riƙe gidan shekara 300. Sai a 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu da mamayar da Jamus ta Hitler ta yi wa ƙasar, gwamnatin Cekoslobakiya ta fitar da dokokin ƙwace dukiyar Jamusawa, aka kori masu magana da Jamusanci kusan miliyan 3 daga ƙasar. Fadar ta koma hannun gwamnati. Dangin da kakansu ya yi arziki da gidajen waɗanda aka kora a 1620 da wani abu, ga shi su ma an wayi gari an lissafa su cikin baƙi. Gidan ya zama ofisoshin gwamnati da gidan tarihi. A 1992 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Prag cikin wuraren tarihi na duniya. Bayan rabuwar Cek da Slobakiya a 1993, aka kafa Majalisar Dattawa mai kujeru 81, kuma tun 1996 a wannan fada take zama. Zauren da dattawan ke muhawara a ciki shi ne tsohuwar bargar dawakin nan. Filin sukuwa ya zama wurin baje kolin zane-zane. Lambun kuwa ana buɗe shi ga kowa daga bazara zuwa kaka, dawisu suna yawo a ciki, talaka yana shiga ba tare da an tambaye shi ɗan gidan wa ba ne.

Abin da na ɗauka a ciki

Ba ina cewa De Witte da Bassevi waliyyai ba ne. Da hannunsu aka zuba jan ƙarfe a cikin azurfa, kuma sun ci riba, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Amma a duba yadda hisabin ya kasance. Wallenstein ya bar fada mai ɗauke da sunansa, an rubuta littattafai a kansa, marubucin Jamus Schiller ma ya yi wasan kwaikwayo guda uku a kan rayuwarsa. Su kuwa waɗanda suka nemo kuɗin, ɗaya ya ƙare a rijiya, ɗaya a gudun hijira. Dalili a ganina shi ne duk abin da suka mallaka, har da izinin zama a garin, a jikin mutum ɗaya suka rataye shi. Mu da ke neman abinci a garin wasu mun san daɗin a ce wane babban mutum ya san ka, yana kiranka da suna, ya ba ka kwangila. Ba laifi ba ne. Amma in ya ce ka karɓo masa kaya da sunanka, ko ka tsaya masa a wurin 'yan uwanka, to ka tambayi kanka wa za a nema ranar da kujerarsa ta juya. Shi yana da gida a garin, yana da dangi, yana da inda zai faɗa. Kai sunanka ne jarinka, in ya zube ba mai tayar maka da shi.

Nan zan dakata. Wanda ke da ƙarin bayani ko wata fahimta daban, ƙofa a buɗe take. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.